Kwalayen Lina da Fasfon Amal

Vaulx-en-Velin, gefen Lyon, farkon Oktoba

Zuwa ga taubashina Alhaji Illiassou,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyi? Yaya Hajiya Biba da ƙafarta, yaya yara, yaya aikin kasuwar kifi ta Rungis? Mu nan lafiya lau, ban da gwiwata da ta ƙulla gaba da matattakalar gidanmu.

Da na ga rubutun hannunka a bayan ambulan sai da na nemi wuri na zauna kafin in buɗe. Kai ba mai rubutu ba ne, rabonka da alƙalami tun zamanin makaranta, tun lakwal a Damagaram, don haka na ce wani ya sake rasuwa. Tun da muka binne Moctar ban daina tsoron saƙo ba. Na karanta har ƙarshe, na ga kowa na numfashi, na yi hamdala. Sannan na sake karantawa, raina ya ɓaci.

Bari in maimaita maka abin da ka rubuta, ko ka ji yadda yake a bakin wani. Ka ce Hajiya ta je unguwar Aubervilliers, nan gefen Paris, gaishe da Lina, matar ƙanenka marigayi, ta tarar da manyan kwalaye biyu a tsakar ɗaki, kowanne ya kai ƙugun mutum, da adireshin Filifin a jikinsu. Ka ce Lina ta rage aikin reno, tana kulle kanta a ɗaki. Ka ce ta tambaye ka fasfon ƴarta Amal, wanda ke cikin jakar takardun Moctar da ka riƙe tun ranar jana'iza, kai kuma ka ce mata ba ka gan shi ba. Daga nan kuka yanke, kai da majalisarku ta bayan sallar Juma'a, cewa za ta gudu da yarinyar ƙasarsu. Kuna so ni, da yake ina aiki a ɗakin karatu kuma wai na san Faransancin ofis, in rubuta wa préfecture, ofishin hukuma, a hana ta fita.

Ba zan rubuta ba. Babu ofishin da zai saurari baffa a kan uwa a ƙasar nan, ko da na rubuta da ruwan zinariya. Kuma ka yi ƙarya da gemunka a kan takardar marainiya, wannan kai da Allah. Abin da nake so in sani shi ne, a cikinku duka, wa ya buɗe baki ya tambayi Lina mene ne a cikin kwalin? Tana jin Faransanci. Kai ma kana ji, da shi kake faɗa da masu kamiyo, direbobin manyan motocin kaya, kullum.

Ban ce hankalina a kwance yake ba. Amal ita kaɗai Moctar ya bari, kuma ni ma ban san Lina ba sai gaisuwa. Ranar sadakar arba'in ta zauna can gefe, mu muna ta zuba Hausa a kanta kamar kujera ce. In ta tafi da yarinyar ba ta waiwaye mu ba, ban san da wane baki za mu zarge ta ba, amma zai yi min ciwo har kabari.

Hutun lakwal na ƙarshen wata ya kusa. Zan hau jirgi in zo in gani da idona. Kafin nan kada ka motsa, kada majalisa ta motsa. Kuma ka ci gaba da amsa min a takarda. Abin da aka faɗa a salula da safe, kafin la'asar ya je gida ya dawo da ƙahoni.

Taubashiyarka da ta fi ka hankali tun muna yara,
Zaituna

*

La Courneuve, Oktoba

Malama Zaituna,

Wa alaikumus salam. Gajiya ta bi lafiya, sanyi kuma lokacinsa ne. Hajiya na gaishe ki, ƙafa da sauƙi. Allah ya ba gwiwa lafiya. Ki rage faɗa, shi ke sauka a gwiwa.

Na karanta wasiƙarki a bis ina dawowa daga aiki, ido na rufewa, amma na kama babban abin: kin ce zai yi miki ciwo har kabari, kuma za ki zo da kanki. Na ji daɗi da kika tsaya tare da dangi. Zagin da ke sama na bar shi, gadon taubasantaka ne.

Na aika Hajiya ta shaida wa Lina cewa babbar gwaggon Amal, mai aikin gwamnati a Lyon, tana zuwa ƙarshen wata a yi ta ta ƙare a kan maganar yarinyar. Hajiya ta ce nan take fuskar Lina ta canza. Ta kuma ga kwali na uku, ba a rufe shi ba tukuna. Mun gyara wuri a ɗakin ƴarmu Nadia, in ta kama Amal ta dawo hannunmu.

Ki taho mana da jar alewar nan ta Lyon, yara na so.

Illiassou

*

Vaulx-en-Velin, ranar da taka ta iso

Alhaji,

Sallama. Ina fata kowa lafiya, don yau ba ni da haƙurin jero su.

Na rubuta maka kada ka motsa. Ka tsallake shi kamar kwata, ka ɗauki layin da ya yi maka daɗi. Yanzu matar da mijinta bai shekara a ƙasa ba tana kwana da tunanin wata jami'a daga Lyon za ta zo ta ƙwace mata ƴa. Ni, da aikina jera littattafan yara da goge majinar da suka bari a shafi! In da ba ta da niyyar gudu, to ka ba ta dalili. In na iso na tarar da gidan nan a rufe, wallahi ni da kai sai a lahira.

Ba zan sauka gidanku ba. Alewa kuma ku nema a wani wuri.

Zaituna

*

Vaulx-en-Velin, Nuwamba

Taubashina,

Assalamu alaikum. Ina kwananku, yaya sanyi, yaya Hajiya, yaya Nadia da ƙannenta? Na dawo Lyon lafiya. Na san ka ji na shiga Paris na fita ban taka La Courneuve ba, kuma na san shirun da ka yi fushi ne. Riƙe fushinka. Ka karanta wannan a zaune, da rana, bayan ka yi barci.

Amal tana nan. Lina tana nan. Babu mai ƙaura. Na sa wannan a sama don na san halinka da dogon rubutu.

Da na ƙwanƙwasa, Lina ta buɗe ƙofar da sarƙa a jiki, ido ɗaya kawai nake gani. Tun safe ta kai Amal gidan wata ƙawarta, saboda ni. Ta ce, "Madame, in takarda kika kawo, ki turo ta ƙarƙashin ƙofa." Na ce, "Ba ni da takarda. Gwiwa gare ni mai ciwo, ga benen da na hawo. Ki ba ni kujera ko ki kira min motar asibiti." Sai na ji sarƙar ta faɗi.

Ban yi kwana-kwana ba. Na nuna kwalayen na ce mene ne wannan. Ta dube ni kamar na tambaye ta mece ce shinkafa. Ta ɗaga murfin na ukun: sabulu, man goge baki, taliya, sardin, shokola, takalman yara, fensira masu launi, da tarin littattafan yara da ta tsinto a kasuwar tsofaffin kaya. Sunan abin balikbayan. Mutanensu da ke aiki a waje kowa na da irinsa a kusurwar ɗaki, yana jefa abu kaɗan-kaɗan wata da watanni, in ya cika a ɗaure shi a ba jirgin ruwa ya isa kafin Kirsimeti. Kowace shekara tana aika ɗaya, Moctar ne ke sauko mata da shi a kafaɗa. Ba mu taɓa gani ba don ba mu taɓa shiga gidan ba sai da aka yi mutuwa. Bana uku ne saboda guguwa ta kwashe rufin ɗan ɗakin karatun da yayarta ke riƙe wa yaran ƙauyensu, ruwa ya cinye littattafan.

Tsaraba ce, Alhaji. Kai da ka aika firigo da keken ɗinki da katifu gida ta Kwatano, yaushe ka koma? Duk majalisar nan taku babu wanda bai taɓa cika ganga ya aika ba, amma da kuka ga ta wani sai ta zama gudu. Na zauna a kujerar na yi dariya har da hawaye, ita tana tsaye tana kallona ba ta san ko taɓuwa gare ni ba. Rabon da in ji ƙirjina ya saki haka tun kafin rasuwar.

Saura kulle kai a ɗaki. Ta kai ni ɗakin. Ka san Lina mai zane ce? Ni ban sani ba, kuma na ji kunya. Kafin ta zo Faransa renon ƴaƴan mutane, zane take yi wa littattafan yara a garinsu, Iloilo. Aikin a rabe yake: wani ya rubuta labari, kamfani ya ba wani ya zana, sau da yawa ba su ma taɓa haɗuwa ba. Ta nuna min waɗanda ta taho da su. Sirara ne, masu laushin bango don kowa ya iya saya, kuma kowane shafi harshe biyu, nasu a sama, Ingilishi a ƙasa. Da yawa labarin yaran da iyayensu ke aiki a ƙasar waje ne, ta ce don babu ajin da ba irinsu a ciki. Na juya su ina cizon yatsa. Shekara da shekaru ina jera littattafai a Vaulx, akwai na Larabci, akwai na Turkanci, har na Sinanci, ban taɓa ɗora na Hausa ko ɗaya a kantar yara ba. Wannan faɗan na wata rana ne, kuma ba kai kaɗai za ka sha shi ba.

Bara wata tsohuwar malamar makaranta mai suna Nenita ta rubuta labari da harshensu, Hiligaynon, kamfanin ya nemo Lina ya aiko mata. Labarin yarinya ce da ubanta ke fita aiki in ta kwanta, ya dawo in za ta tafi makaranta. A matattakala kawai suke haɗuwa, shi yana hawa ita tana sauka, kuma da ƙarnin kifi take sanin ya iso tun kafin ta gan shi. Malamar masuntan garinsu take nufi. Lina ta fara aikin Moctar na da rai. Bayan ya rasu, ta ce duk masuncin da ta zana, in ta ɗaga kai sai ta ga Moctar ne: baƙi, dogo, da wushiryarsa, da hular ulun nan da ba ya cirewa. Ta yaga, ta sake, shi ne dai. Ƙarshe ta aika musu haka, ta ba da haƙuri, ta ce su nemi wani mai zanen. Kamfanin ya ce yaran can ba za su gane masunci baƙi ba. Malama Nenita ta ce ita uba ta rubuta, ba ta rubuta launinsa ba, in kuma kwalekwale ne matsalar to ita za ta cire shi daga labarin ta sa kasuwar kifi. Ta zauna ta sake shafukanta saboda zanen. Matar da ba ta taɓa ganin Lina ba ke nan. Mu da bis ɗaya ke kai mu ƙofarta, ƙarya muka yi mata.

Na ga zanen. Ba zan kwatanta maka ba. Da Amal ta dawo da yamma, ta kama hannuna ta ɗora a goshinta, haka mutanen uwarta suke gaida manya, sannan ta durƙusa ta ce, "Ina wuni, Gwaggo," da Hausar ubanta. Ta ja ni ta nuna min shafin matattakala, ta toshe hanci ta ce, "C'est Baba. Yana wari."

Yanzu abin da ba za ka so ba. Littafin zai fito a Yuli, lokacin da suke bikin littattafan yara a ƙasar. Lina na so ta je da Amal a babban hutu, yarinya ta ga kakarta da ba ta taɓa gani ba sai a salula, su dawo kafin a koma lakwal. Dalilin neman fasfo ke nan. Ta san yana wurinka. Ta ce Moctar da kansa ya sa shi a aljihun jakar, a gabanta.

Ka kai mata. Da hannunka, ba ta hannun Hajiya ba.

Zaituna

*

La Courneuve, Disamba

Malama Zaituna,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, sai aiki da ya yi yawa, ƙarshen shekara Nasara ba sa gajiya da cin kifi. Shi ya sa na jima ban amsa ba, da kuma ina tunani.

Maganar kwali na karɓa. Na faɗa a majalisa, Malam Hanif ya ce shi dama ya zaci haka, alhali shi ya fara cewa a je préfecture. Aka yi dariya aka wuce. Alhamdulillahi da ba ƙaura ba ce. Ranar na yi barci kamar an sauke min buhu.

Amma ke da kanki kin rubuta za ta tafi da ita. Kin ce za su dawo. Wa ya tsaya mata? In ta isa ta ga uwarta, ta ga littafinta a hannun mutane, ana kiranta mai zane ba mai reno ba, me zai dawo da ita wannan ɗakin na Aubervilliers? Ni in ni ne ba zan dawo ba. Ke kina da littattafanki. Ni yarinyar nan kaɗai ta rage min daga Moctar. Ni na kawo shi ƙasar nan, ni na sama masa aiki a rumfar kifi, ni na wanke shi.

Sannan zanen. Mamaci a bar shi ya huta. Fuskarsa za ta yi yawo a hannun yaran da ba su san shi ba, su yar a ƙasa, su taka. Ban ce haramun ba ne, ni ba malami ba ne. Raina ne bai so ba.

Fasfo yana nan, bai ɓace ba. Ban kai ba tukuna.

Illiassou

*

Vaulx-en-Velin, Disamba

Taubashina,

Assalamu alaikum, sannu da aiki, Allah ya ba da ikon ɗauka. A gaida Hajiya. Wannan ce wasiƙa ta farko da ka rubuto min da bakinka ba da bakin majalisa ba, don haka ba zan zage ka ba sai kaɗan.

Babu wanda ya tsaya mata. Ni ma ban tsaya ba. Tana iya zuwa ta ƙi dawowa, kuma babu alƙalin da zai ce ta yi laifi. Wannan tambayar taka na yi mata ita baki da baki tun ranar, don ni ba na aika Hajiya. Ta ce a nan aka haifi Amal, nan ƙawayenta suke, nan kabarin ubanta yake. Sannan ta faɗi abin da na yi ta juyawa a jirgi har Lyon: "Abin da zai zaunar da ni can shi ne in a nan ba mu da kowa."

Ka gane? Fasfon da kake riƙe ba ya tsare komai. Uwa ce. Gobe tana iya shiga mairie, ofishin magajin gari, ta ce ya ɓace, su yi mata sabo. Ta san haka tun tuni. Ba ta yi ba ne don tana jira ta ga ko yayan mijinta zai kawo. Duk ranar da ya ƙara a jakar nan, kai ne kake ɗaure mata kaya.

Maganar takawa kuwa, zo ka ga aikina. Littafin da yara ke so shi ya fi shan wahala: a tauna kusurwarsa, a zuba masa madara, a kwana a kansa. Wanda ba a so shi ke zama fes a kanta har mu gaji mu fitar da shi. Moctar ɗin da ka sani, wanda yaran unguwarku ke hawa kafaɗarsa har riga ta yage, kana jin zai ƙi? Ba ni da fatawa, ni ma ba malama ba ce duk da kana kirana haka. Abin da na sani, Amal shekararta bakwai, nan gaba kaɗan muryarsa za ta ɓace mata. Uwarta ta yi abin da ta iya da abin da ke hannunta. Kai me ka ba ta ta riƙe?

Lina ta haɗa wa Amal kwafi nata na hannu, ta bar fili a ƙasan kowane shafi, ta roƙe ni in rubuta labarin da Hausa a wurin. Na fara. Ashe rubuta wa yaro jimla ɗaya ya fi rubuta wa baffansa shafi huɗu wuya.

Ina jiran amsa kafin shekara ta juya.

Zaituna

*

Vaulx-en-Velin, Janairu

Alhaji,

Sallama. Shekara ta juya, wata ya raba, shiru. In fushi ne, rubuto ka ce fushi ne, zan ji daɗi. In kuma ka aikata wani abin da ba ya gyaruwa, ka faɗa min kafin in ji a bakin wani. Lina ban kira ta ba, kunya nake ji in tambaya ta ce ba ka zo ba. Sau biyu na ɗauki salula zan kira ka na ajiye. Kada ka sa in yi na uku.

Zaituna

*

La Courneuve, Fabrairu

Malama Zaituna,

Wa alaikumus salam. Ba fushi ba ne, baya ne. A makon Kirsimeti na ɗaga akwatin kifi ba daidai ba, likita ya kwantar da ni, ko zama ban iya ba balle rubutu. Ni na hana Hajiya ta gaya miki, don na san za ki zo ki yi min faɗa ina kwance ba ni da hanyar gudu. Yanzu da sauƙi, alhamdulillahi.

Ranar da na fara takawa na je Aubervilliers. Benen nan, gaskiyarki. Na miƙa mata fasfon a bakin ƙofa na ce ga shi, yana wurina tun farko. Ta ce ta sani. Ta ce in shigo in sha shayi. Ba ta ƙara ko kalma a kai ba, kuma wannan ya fi zaginki zafi.

Na ga zanen. Sai da na nemi wurin zama. Har wushiryar.

Abu ɗaya na ce mata, ba haka ake ɗaukar akwatin kifi ba, wanda ya ɗauka haka bayansa zai tafi, ga ni shaida. Ta ce ta san hannun bai yi ba, shafin nan ya fi ba ta wahala, don ba ta taɓa ganinsa a wurin aiki ba, hotunansa kuma duk hannu na aljihu. Ta dubi hannuna. Amal ce ta ce, "Baffa, hannunka irin na Baba ne." Suka juye kwandon wanki suka ba ni. Na tsaya a tsakar ɗaki riƙe da shi kamar wawa, uwar tana zane, ƴar tana gyara min yatsu tana cewa kada in motsa. Da wannan bayan nawa. Kada majalisa ta ji.

Hajiya ta fitar da turmin atamfa da turaren wuta a kai wa kakar Amal daga dangin Moctar. Asabar ɗin da ta wuce yarinyar ta yini wurinmu, Lina da kanta ta kawo ta, ta ci tuwo da cokali Hajiya na ta ƙara mata.

Har yanzu ina tsoron Yuli, ba zan ɓoye miki ba. Amma ni zan kai su filin jirgi.

Illiassou

*

Vaulx-en-Velin, Satumba

Taubashina,

Assalamu alaikum. Ina gajiyar zuwa filin jirgi, yaya baya, yaya Hajiya da yara? Katinka ya iso. Layi ɗaya, "Sun sauka, Amal ta yi ƙiba," kuma shi ne mafi kyawun abin da ka taɓa rubutawa. Na karanta shi a tsaye a bakin akwatin wasiƙa, maƙwabciyata ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya ce ta yi yawa. Hajiya ta ce tun jirgin bai baro can ba ka je ka zauna kana jira, kuma ka yi faɗa da mai gadi a kan wurin ajiye mota. Ban yi mamaki ba.

Littafin ma ya iso, Lina ta aiko min biyu. Malama Nenita ta sa hannu a ɗaya da rubutu mai rawa, ashe ta tsufa sosai, kuma sai a bikin suka fara ganin juna da Lina. Ɗayan na sa masa lamba na ɗora a kantar yara. Laraba na karanta musu shi, ina fassarawa. Wani ɗan Komoro ya ce nasa uban ma haka yake wari, amma na albasa. Kafin a tashi an riga an tauna kusurwar.

Ka buɗe shafin ƙarshe na naka? Akwai sunan marubuciya, akwai na mai zane, a ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe an gode wa Baffa Illiassou da ya ba da aron hannuwansa. Ni ban gaya wa majalisa ba. Kamfani ne ya buga.

Yanzu ka buɗe ido, don wannan layin ba na tsallakewa ba ne. Na roƙi Lina ta ba ni Amal a hutun Oktoba mu ƙarasa Hausar tare, don yarinyar ta ce wasu kalmomina ba haka Baba ke faɗa ba. Lina ba za ta iya zuwa ba, an ba ta zanen wani sabon littafi. Na ce to in zo in ɗauke ta. Ta ce a'a, in huta da gwiwata, Baffanta zai kawo ta. Kai kaɗai, da jirgi, har Lyon, mako guda ba ta ganin ƴarta. Ban ji ta nemi wani ya tsaya maka ba.

Ka taho da rigar sanyi. Kuma ran Lahadi ka mayar mata da ita.

Taubashiyarka,
Zaituna